Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Rumbu? Lacca kan Hidimar Kwamfuta da Tsarin Tafiyar da Ita a Jami'o'inmu

 

Ina gaida iyayenmu dattawan Maiwurno, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaida malamanmu na allo da na littattafai, Allah ya gafarta muku. Ina gaida iyayenmu mata da ke zaune can ta gefen inuwa, sannunku da haƙuri da zafin nan. Baƙin da suka taso daga Sinnar da Sinja, da waɗanda aka ce mini sun kwana a hanya daga ƙauyukan Jazira da kuma Damazin, barkanku da zuwa. Sai ƙannena ɗalibai da suka haɗa wannan zama, suka cika ni da kofin jabana tun safe har hannuna na rawa, na gode.

Da suka aiko mini da takardar gayyata, da Larabci suka rubuta take, kuma a cikinsa akwai kalmar nan da ake yayi a ofisoshi, wato haukama. Na karanta wa wani kawuna, sai ya dube ni ya ce, "Hauka ma? Yanzu har laccarta ake yi?" To, Kawu, ga ka nan zaune, bari in wanke kaina. Abin da suke nufi shi ne tsarin tafiyar da al'amari: wa ke yanke shawara, wa ke aiwatarwa, wa ke dubawa, wa kuma za a kama idan abu ya ɓaci. Ni kuma an ce in yi magana a kan wannan tsari dangane da kwamfutoci da intanet da bayanan da jami'a ke ajiyewa. Aikina ke nan shekara da shekaru a wata jami'a ta ƙasar nan, a ɗakin da babu taga, inda na'urori ke gurnani dare da rana.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Ina ruwan mai kamun kifi a bakin kogi da ɗakin na'urorin jami'a? Ku ba ni aron kunnuwanku, zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya.

Magana ta farko: abin da jami'a ke riƙe muku

Idan ka sayar da buhunan dawa da riɗi ka tura ɗanka Jami'ar Jazira a Wad Madani, ko Jami'ar Sinnar, ko ta Damazin, me kake jira ya dawo da shi bayan shekara huɗu ko biyar? Ilimi yana cikin kansa, wannan gaskiya ne. Amma mai ɗaukar aiki a Bur Sudan ko Jidda ba zai buɗe kan ya duba ba. Takarda zai nema. Takardar kuma ba ta da daraja sai idan an tambayi jami'a ta ce, "E, namu ne, ga sakamakonsa." Wannan "e" ɗin, a yau, tana zaune ne a cikin na'ura.

Ku bi yaron tun daga farko. Ya ci jarrabawar shahada ta Sudan, wato ta kammala sakandare. Neman gurbi a jami'a yanzu ta intanet ake yi, sai ya tafi shagon mai kwamfuta a kasuwa a cika masa. Ana neman lambarsa ta ɗan ƙasa. Kuɗin makaranta ta manhajar Bankak za a tura. Kowane zango malamai su shigar da maki. A ƙarshe a buga masa shahada da Larabci da Ingilishi. A kowane mataki sunansa yana shiga wata na'ura, kuma a kowane mataki ana iya yi masa rauni.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan raunin. Takardun ƙasar nan sunaye huɗu suke so: naka, na mahaifinka, na kakanka, na kakan mahaifinka. Ɗauki suna kamar Garba. Wani magatakarda zai rubuta shi da ƙafun, wani da jimun, wani da gainun. Idan aka zo juya shi zuwa haruffan boko sai ka ga Garba a nan, Jarba a can, Qarba a wata takardar. Ɗanjuma kuwa, Allah ne kaɗai ya san abin da zai zama. A idon ɗan'adam duk mutum ɗaya ne. A wurin na'ura mutum uku ne.

Na taɓa ganin wani dattijo a ƙofar ofishinmu, ya zo tun daga wani kambo, wato zangon leburori, na cikin Jazira. Ya fito da takardun ɗansa daga cikin leda, ledar a cikin wata leda, an ɗaure da tsumma. Harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin sunan da ke fasfo da wanda ke shahada, kuma saboda harafin nan aikin da yaron ya samu a ƙasar waje yana neman kuɓucewa. Ofishin rajista suka ce ya zo wurinmu tunda mu ke da na'ura. Mu muka ce ba mu da ikon taɓa suna sai da izinin sakataren harkokin karatu. Can aka ce sai kwaleji ta rubuto. Kwana huɗu dattijon nan yana kwana a masallaci. Gyaran kansa, da aka zo yi, bai kai minti biyu ba, ni na yi shi da hannuna. Na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da babu shi ne rubutacciyar ƙa'ida mai cewa: gyaran suna, wane ne ke ba da izini, da wace hujja, cikin kwana nawa. Wannan ƙa'idar da babu, ita ce haukamar da Kawu ke tambaya.

Magana ta biyu: darasin ruwan Jazira

A nan zan ɗan daɗe, domin idan kun gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Madatsar Sinnar da ke nan kusa da mu an gama ta a 1925. Daga gare ta ruwa ke shiga babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙananan tur'o'i, daga nan ya shiga Abu Ishirin mai shayar da nimra guda, wato fili mai fadan 90, daga Abu Ishirin ya shiga Abu Sitta, sannan ya kai hawasha, wato gonar manomi. Da aka ƙara yankin Manakil, filin ya haura fadan miliyan 2. Duk wannan ruwa da kansa yake gangarawa, ba a tura shi da inji. Iyayenmu da suka tsinci auduga a can za su gaya muku cewa a da, manomin da ke can ƙarshen tur'a ya san ranar da ruwa zai iso masa.

Me ya sa ya sani? Domin akwai tsari. Mufattish, wato jami'in da ke duba gonaki, yana lissafa ruwan da yankinsa ke buƙata ya aika wa injiniyoyin ban ruwa. Su ne ke sakin ruwan gwargwadon abin da aka nema. Gafir, wato mai gadin ƙofar ruwa, shi ne ke buɗe ƙofa da rufe ta, kuma ba ya buɗewa don ra'ayin kansa. Akwai lokacin yasar tur'a, akwai kuɗin da aka ware don yasar. Can Barakat, hedikwatar shirin noman Jazira, akwai littafin da ke nuna wa ya yi me.

Kada wani ya ce na zo yabon Turawan mulkin mallaka. Tsarin nan yana da tsanani, kuma mutanenmu da yawa leburori ne a cikinsa, suna zaune a kambo, ba su da hawasha ko ta fadan ɗaya. Wannan ciwo ne da har yau bai warke ba. Abin da nake nunawa kawai shi ne, ruwa yana isa ne saboda kowace ƙofa tana da mai ita.

Sai dokar 2005 ta zo, aka miƙa kula da ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, bayan 'yan shekaru kuma aka sallami ma'aikatan shirin masu yawa. A takarda abin yana da kyau, an ba manomi 'yanci. A gona fa? Laka da ciyawa suka cike tur'o'i, mai ƙarfi ya sa famfo ya ja ruwa, na ƙarshen layi ya zauna yana kallon dawarsa tana ƙonewa alhali madatsar tana nan, kogin kuma bai ƙafe ba.

To haka intanet da na'urorin jami'a suke. Wayoyin da ke kawo wa ƙasar nan intanet ta ƙarƙashin teku suna fitowa a Bur Sudan, wannan ita ce madatsa. Kamfanoni su ɗauko su kawo gari, wannan babbar tur'a. Jami'a ta raba wa kwalejoji, kwaleji ta raba wa ofisoshi da ɗakunan karatu. Ɗalibin da ke ɗakin kwana, ko wanda ke nan ƙauye yana bin darasi ta waya, shi ne manomin ƙarshen layi. Na ga inda ofishin wani babba ke da intanet mai gudu kamar ruwan damina, ɗakin karatu na ɗalibai kuma shafi ɗaya sai ka sha shayi kafin ya buɗe. Wa ya raba haka? Babu wanda ya zauna ya raba. Mai iko ya yi waya, ma'aikaci ya ji tsoro, shi ke nan.

Masana wannan fanni sun rubuta littattafai masu kauri. Akwai ma'aunin duniya da ake kira ISO 38500 wanda ya fito a 2008, akwai COBIT, akwai ITIL. Na karanta su, wasu ma na yi jarrabawarsu. Idan ka tace su, abin da zai rage a rariya kaɗan ne: shugabanni su auna buƙata, su ba da umarni, su kuma bibiya, ma'aikata su aiwatar, kada mai aiwatarwa ya zama shi ke duba kansa. Gafir ba ya yanka wa kansa ruwa, mufattish kuma ba ya kwana a bakin ƙofa.

A jami'o'inmu da yawa abin ya cakuɗe. Cibiyar kwamfuta ana ɗaukarta kamar masu gyaran fanka: a kira su idan abu ya lalace, a manta da su ranar kasafin kuɗi. Shugabanta ba ya zama a inda ake yanke shawara. Sai ka ji an sayo kwamfutoci ɗari, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, amma ba a ware ko fam ɗaya na batir, ko na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko na horar da wanda zai kula da su ba. Shekara biyu sai ƙura ta gaje su. Haƙa tur'a kowa na so, domin ana kiran 'yan jarida. Yasa fa, wa ya taɓa ganin hoton shugaba yana yasar tur'a?

Abin da nake ba da shawara ba shi da tsada. Kowace jami'a ta kafa kwamiti ƙarami a ƙarƙashin mataimakin shugaba, a cikinsa akwai sakataren harkokin karatu, da mai kula da kuɗi, da shugaban ɗakin karatu, da shugaban cibiyar kwamfuta, da wakilin ɗalibai mai bakin magana. Kada a sayi komai sai an rubuta kuɗin riƙonsa na shekara biyar. Kuma sau ɗaya a shekara a kawo wa majalisar jami'a rahoto da harshen da kowa zai gane: sau nawa hidima ta tsaya, kwana nawa ɗalibi ke jira kafin ya karɓi shahadarsa.

Magana ta uku: iri

Iyayena, wane manomi ne ke cinye irinsa? Ko yunwa ta kai yaya, akwai damin da ake ratayewa a inda hayaƙi ke taɓawa, ba a kusantarsa. Mai dabara ma yakan kai wani kaso gidan ɗan'uwansa a wani gari, saboda gobara.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Jama'a masu ɗimbin yawa suka kwararo Wad Madani, hukumomi da ƙungiyoyi ma suka kwaso kayansu suka dawo can, kowa na ganin an tsira. A Disamba 2023 Madani ta faɗi. A ƙarshen Yuni 2024 aka shiga Sinja, kuma abin da ya biyo baya a wannan yanki kun fi ni saninsa. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma ranar 11 ga Janairu 2025. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Da mutane suka koma harabar jami'o'i, abin da suka tarar ya sa manya kuka: ƙofofi a ɓalle, an kwashe na'urori, an tumɓuke wayoyi saboda jan ƙarfen da ke ciki, takardu a watse ƙasa ruwa ya jiƙa.

A Madanin nan akwai wani wuri da ya kamata kowane shugaban jami'a ya yi nazarinsa, wato bankin iri na hukumar binciken aikin gona. Shekaru da yawa masana suna yawo ƙauye-ƙauye suna tara nau'o'in dawa da gero da riɗi da sauransu, dubbai, suna ajiyewa a cikin firiza. Shi ma bai tsira daga wawaso ba. Amma tun kafin yaƙi an riga an aika kwafin wani kaso na irin zuwa rumbun iri na duniya da ke Svalbard, a ƙasar Norwe, wanda aka haƙa a cikin dutse mai ƙanƙara aka buɗe a 2008. A Fabrairu 2025 ma, ana tsakiyar yaƙi, Sudan ta sake kai wani kason. Abin da aka kai can yana nan. Wanda ya sa hannu aka aika iri wata ƙasa lokacin da ake zaune lafiya, na tabbata akwai wanda ya ce masa ɓarnar kuɗi yake yi.

Mu masu aikin na'ura muna da ƙa'ida mai kama da wannan, ana kiranta 3-2-1: kwafi uku na duk wani bayani mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wuri mai nisa. Yaron da ke ajin farko a kwalejin kwamfuta ya haddace ta. Amma ku tambayi jami'o'i nawa ne suka yi aiki da ita. A wurare da yawa kwafin ajiya yana nan kam, sai dai yana cikin durowa, a ɗaki ɗaya da uwar na'urar. Wanda ya ɗauki wannan ya haɗa da wancan. Wasu kuma wuri mai nisan nasu Khartum ne, wadda ita ta fara faɗuwa.

Wani abokin aikina, ranar da aka fara jin harbi, ya bar iyalinsa a mota ya koma ofis da gudu. Ya kwance faifan ajiya guda biyu, ya naɗe su a zanen matarsa, ya cusa a tsakiyar buhun gari. Shinge bayan shinge ana zazzage musu kaya, aka karɓe wayarsa da kuɗinsa, buhun gari dai aka bar musu. Sakamakon ɗalibai na shekaru da yawa a cikin buhun nan ya tsira. Ina jinjina masa, kuma duk inda na je ina ba da labarinsa. Amma ina gaya muku tsakanina da Allah, labarin nan abin kunya ne a gare mu. Makomar dubban yara ba ta kamata ta rataya a kan ko mutum ɗaya zai yi kasada da ransa ba.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Manomi kafin shuka yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya jiƙa a tsumma ya ga ko za su tsiro. Kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, iri ne da ba a gwada ba. Ni da kaina na taɓa buɗe wani da muka yi wata takwas muna taƙama da shi, na tarar fanko ne. Tun daga ranar, duk wata uku sai mun gwada.

To ina za a kai kwafin na nesa? Akwai manyan kamfanonin duniya da ke ba da hayar ma'ajiya. Sai dai mu 'yan Sudan mun ɗanɗana zanen aro. Takunkumin Amurka ya hau kanmu daga 1997 har zuwa Oktoba 2017, manhajoji da yawa sun ƙi buɗe mana, har dandalin karatu na Coursera ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa a 2014. Saboda haka ba na son a dogara da kamfani ɗaya a ƙasa ɗaya. Muna da hanyar sadarwa ta jami'o'in Sudan, SudREN, wadda asalinta ya faro tun 2004, kuma tana da alaƙa da takwarorinta na Afirka da na ƙasashen Larabawa. Ta nan ya kamata jami'o'i su yi wa juna ajiya: ta Sinnar ta ajiye wa ta Kasala, ta Kasala ta ajiye wa ta Dungula, sannan kwafi na uku, a kulle da lambobin sirri, ya tafi waje. Abin da kakanninmu ke yi da dami ke nan.

Magana ta huɗu: mabuɗi

Wannan gajeriya ce amma tana da ɗaci. A wurare da yawa mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin komai. Yaƙi ya zo, ya yi hijira Masar ko Saudiyya, ko Allah ya yi masa rasuwa, sai ga jami'a guda tana tsaye a ƙofar rumbunta ba mabuɗi. Wani ya yi rajistar shafin jami'a da imel ɗinsa na kansa. Wani kuma akasin haka: kalmar sirri ɗaya, an rubuta ta an manna a jikin allon kwamfuta, ofis duka da ita ake shiga. Idan aka wayi gari makin wani ya tashi daga 45 zuwa 75, wa za a tambaya?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin sananne ne. Kowa da mabuɗinsa, gwargwadon aikinsa. Canza maki ko suna sai da hannu biyu, mai shigarwa daban, mai tabbatarwa daban. Na'ura ta riƙa rubuta wa ya taɓa me, da wane lokaci, a littafin da shi mai taɓawar ba zai iya gogewa ba. Manyan mabuɗai kuma a rubuta su a rufe a ambulan, a ajiye a wurare biyu da majalisar jami'a ta sani. Kuma ku sani, shahadar jabu ɗaya idan aka kama ta a ƙasar waje, duk mai riƙe da ta gaskiya daga jami'ar nan sai ya sha tambaya. Ɗan mai kuɗi zai sami hanya. Ɗan kambo ne zai tsaya a layi.

Magana ta biyar: don wa aka yi hidimar?

Da karatu ya koma ta intanet saboda yaƙi, malamai sun yi ƙoƙari, wasu da Moodle, mafi yawa da WhatsApp da Telegram. Amma wanda ke tsara darasin sau da yawa yana zaune ne a Alƙahira ko Bur Sudan, wutarsa ba ta ɗaukewa. Sai ya ɗora bidiyo na awa guda, ya ce a miƙa amsa kafin sha biyun dare.

Ku tuna Fabrairu 2024, lokacin da Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke. Wasu yankunan sun yi watanni babu shabaka, wato hanyar sadarwa. Mutane suka koma wurin masu Starlink, ana biya da awa, ana zaune a ƙasa a bakin shago. Wannan ma ba sabon abu ba ne: a Yuni 2019 an rufe intanet sama da wata guda, a Oktoba 2021 an sake rufewa makonni, kuma an sha yanke ta na wasu awanni a ranakun jarrabawar shahada. Wuta kuwa, ga madatsar Sinnar, ga ta Rusairis da aka gama a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013, dukansu a kan kogin da muke sha, amma cajin waya sai an kai wa mai sola.

Yanzu ku dubi 'ya mace. Saurayi zai iya zama a shagon Starlink cikin kasuwa har dare. Wane uba a cikinku zai bar 'yarsa ta yi haka? Ke nan ƙa'idar "kafin sha biyun dare" ta kori yarinyar daga karatu ba tare da an rubuta mata takardar kora ba. Shi ya sa na ce a sa ɗalibi a kwamiti, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darasi ya zo da murya da rubutu marasa nauyi, waɗanda za a sauke sau ɗaya a tura wa juna waya zuwa waya. Wa'adi ya zama na kwanaki. A rubuta tun farko abin da za a yi idan shabaka ta ɗauke ranar jarrabawa. Sanarwa mai muhimmanci ta zo ta gajeren saƙo, wanda ko ƙaramar waya tana karɓa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar na'ura.

Magana ta shida: namu kason

Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Muhammadu Bello Maiwurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka kafa garin nan, sun bar gidaje da gonaki, amma malamansu ba su bar littattafai ba. A gafaka suka rataye su. Mu ma mun ga abin da ya sami 'yan'uwanmu a rikicin yankin Rusairis a Yuli 2022, mutane sun fito da rigar jikinsu kawai, daga baya neman takardu ya zame musu wata hijirar.

Don haka, ƙannena, kafin ku kwanta yau, kowa ya ɗauki hoton takardunsa: ta haihuwa, lambar ɗan ƙasa, shahadar sakandare, katin jami'a, rasit na kuɗin makaranta, sakamakon kowane zango. Ku tura wa imel ɗinku, ku tura wa ɗan'uwa amintacce a wani gari. Imel ɗin ya zama naku, ba wanda mai shago ya buɗe muku ya riƙe kalmar sirrin ba. Ku yi wa iyayenku haka da takardun gona da na gida. Ku jera takardunku ku duba sunanku harafi-harafi tun kuna ajin farko, kada ku bari sai ranar da jirgi ke jiranku.

Waɗanda ke karatun kwamfuta a cikinku, na san kowa burinsa ya ƙirƙiri manhajar da za ta yi suna. Madalla. Amma jami'o'in da ake sake ginawa yanzu suna neman masu ja waya, masu kula da uwar na'ura, masu gwada kwafin ajiya duk wata uku ba tare da an tuna musu ba. Aikin gafir ne, ba a tafa masa, ni ma na sani. Ina so dai in shiga ɗakin na'urori wata rana in tarar da wanda zai ga Ɗanjuma a allo ya san yadda ake rubuta shi.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo, kuma la'asar ta kawo jiki.  Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini, ku kuma gyara mini. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, da Hausa ko da Larabci duk ɗaya ne, kuma ina roƙon a fara kai abin magana ɓangaren mata. Kawu, kai ma na ga tun ɗazu kana gyara zama, naka na nan tafe.